Ranar da na kira maigidana Bayarabe

Akwai wani baƙin keken ɗinki, Singer na takawa, a kusurwar shagona. Ya girmi duk yaran da ke aiki a ƙarƙashina. Sun sha ce min in sayar wa 'yan gwangwan in huta, tunda ga na lantarki har uku. Dariya kawai nake yi. Ban taɓa gaya musu na wane ne ba, balle abin da na yi wa mai shi. Yanzu na haura sittin, hawan jini ya fara yi min sallama, gara in faɗa da bakina tun ina iya faɗa. Jikata ce ke rubutawa, na ce mata kada ta gyara min komai.

A 1974 mahaifina ya kama hannuna, ina ɗan shekara 14, ya kai ni wajen wani tela a Ayagi, ya ce, "Ga shi nan, nama naka, ƙashi nawa." Kowa Baba yake ce wa telan nan, ni ma haka zan kira shi. Duk Bakano ya san Ayagi, unguwa ce a cikin ganuwa wadda kakannin mutanenta Yarabawa ne fatake, sun zo tun zamanin ayarin jakuna suka zauna, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya. Kakan kakan Baba ne ya taso daga Ilori. Shi kansa Baba ban taɓa jin ya haɗa jimla guda da Yarabanci ba. Hausarsa kuwa, in ya yi maka karin magana sai ka kwana kana juya ta. A Kano aka yanke cibiyarsa, a Kano ya yi allo, a Kano iyayensa ke kwance.

Shekara bakwai na yi a shagonsa. Daga hura gawayin dutsen guga na fara, na koma saka maɓalli, sai kalmasa, kafin ya yarda in taɓa almakashi. Wuyan kaftani ne ya fi ba ni wahala, kullum sai ya karkace min zuwa hagu. Baba ba ya duka. Sai ya ɗaga rigar ya kalle ta, ya miƙo min reza ya ce, "Farke. Mai rigar ba karkataccen wuya gare shi ba." A gidansa nake cin tuwon dare, matarsa Inna nake ce mata.

Wata rana da zafi ya cire riga zai yi alwala, na ga tabo layi-layi a gadon bayansa. Da na tambaya sai ya ce ladan NEPU ne, jam'iyyar talakawa da Malam Aminu Kano ya jagoranta. Yana saurayi lokacin da aka kafa ta a watan Agusta na 1950, ya yanki kati, ya riƙa ɗinka tuta mai tauraro cikin dare. An kama shi a wajen lacca, alkali ya ba shi bulala da wata uku. Ya ba ni labarin 'Yan Mahaukata da ke bin 'yan NEPU da gora a cikin birni, da yadda ake hana su aure, ake tashi daga tabarma in sun zauna. Ya ce gorin da ya fi yawa a lokacin shi ne sun sayar da Arewa, sun bi Inyamurai, saboda ƙawancen da Malam Aminu Kano ya ƙulla da NCNC ta Azikiwe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, shagonmu ya koma kamar ofishin PRP, sabuwar jam'iyyar Malam. Jam'iyyu biyar aka yi wa rajista, NPN da UPN da NPP da GNPP da tamu, amma a lungunmu in ka ce "Aminci", taken NPN, sai yara su bi ka da ihu. "Nasara", taken PRP, kawai ake ji. Baba ya yanka makulli, alamar PRP, da ƙyalle ya manna a labulen ƙofa. Tutoci nawa muka ɗinka kyauta, Allah kaɗai ya sani. Zaɓen 1979 shi ne na farko a rayuwata, muka kawo Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Ranar da aka ce an soke haraji da jangali ina tsaye a bakin shago da rediyo a hannu. Ina da kawu a ƙauye wanda duk shekara in lokacin haraji ya zo sai ya gudo birni ya ɓuya a zauren gidanmu. Na juya in yi wa Baba albishir, sai na ga ya kife kansa a kan keke, kafaɗunsa na rawa. Shekara kusan talatin yana jiran wannan rana.

Ba a cika shekara ba miya ta fara tsami. Gwamnoninmu biyu suka shiga zama da gwamnonin UPN biyar da na GNPP biyu, su tara, suna kiran kansu masu ra'ayin ci gaba. Uwar jam'iyya ta ce a daina, suka ce ba za su daina ba. Ɓangaren Malam suka ce gwamnoni sun yi girman kai, sun koma yaran Awolowo, Bayaraben da ke jagorantar UPN. Ɓangaren gwamnoni suka ce waɗanda suka kewaye Malam sun fara lasar miyar NPN ta Shehu Shagari. Cikin 1980 aka kori gwamnonin, su kuma suka ja nasu reshen da tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu a gaba. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta tsaya a kan cewa ta Malam ce jam'iyya.

Wannan duk maganar manya ce. Abin da ya iso lungu kalma biyu ne, santsi da taɓo. Mu da muka kafe a bayan Malam mu ne 'yan taɓo. Waɗanda suka bi gwamna, santsi ya kwashe su. Tun ana faɗa da wasa a teburin mai shayi har aka daina dariya. Majalisar da muke zama bayan isha ta rabu biyu, kowa da tabarmarsa, tsakani bai fi taku goma ba. Na san auren da aka fasa bayan an kai lefe don an gano uban yaron ɗan santsi ne. In ka je sayen goro, mai goro ya fara lissafin ɓangarenka kafin ya lissafa canjinka. Kuma wallahi da za ka tare ɗayanmu a lokacin ka ce ya bambance maka manufar taɓo da ta santsi a kan talaka, sai dai ya yi ta inda-inda. Ni dai ban iya ba. Abin da na sani kawai, Malam ubana ne, wanda ya saɓa masa ya saɓa min.

Baba ya ƙi karɓar ko ɗaya daga cikin sunayen nan. In aka matsa masa sai ya ce, "Ni ɗan NEPU ne." Yakan taka har Gwammaja ya gaida Malam, ya dawo ya kunna rediyo ya saurari gwamna, in ya ji abin kirki ya ce madalla. Yana cewa ajin yaƙi da jahilci da gwamnati ta buɗe wa manya abu ne da suka sha bulala dominsa, don me zai zage shi? Ɗan santsi ya kawo ɗinki ya karɓa, ɗan taɓo ya kawo ya karɓa. A wancan zamani wannan kaɗai laifi ne. Kowane ɓangare ya fi tsanar wanda ya ƙi zaɓa a kan abokin gaba na sosai, domin abokin gaba ka san inda za ka ajiye shi.

Farkon 1981 aka shirya wani babban taro, aka ce matasan mazaɓarmu za su fita da riguna iri ɗaya, guda 200. Tun kafa jam'iyya duk wani ɗinki na mazaɓa wajen Baba yake zuwa, ba a ma tattaunawa. Ni kuma lokacin ina da shekara 21, ina neman aure, iyayen yarinya sun ce sai na tsaya da ƙafata. Wani jigo a mazaɓar, ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, ya kira ni bayan magariba ya zaunar da ni a motarsa. Ya ce, "Kai yaro, har yaushe za ka zauna kana hura wa wani gawayi? Hannunka ya faɗa. Aikin nan naka ne in kana so. Sai dai akwai dattawan da ba za su yarda a ƙetare maigidanka ba, sai an nuna musu ko shi wane ne. Kai ne a shagon, kai ka san masu shiga da fita."

Ban yi barci ba daren nan. Ina so in ce tunanin amana ne ya hana ni, amma ƙarya ne. Lissafin yadi nake yi, da kuɗin hayar shago, da sadaki.

Aka yi taron a wani zaure, fitilar ƙwai biyu, mutum wajen arba'in. Baba yana gaba a kan buzunsa. Da aka zo maganar riguna jigon nan ya ce akwai ƙorafi, ya nuna ni. Na miƙe, gwiwata na kaɗawa, na ce Baba ɗan santsi ne, 'yan santsi na zama a shagonsa, na lissafa sunaye. Sai wani tsoho ya yi tsaki ya ce, "Zauna, yaro. Mutumin da ya sha bulala tun ubanka bai yi wayo ba?" Aka yi dariya. Na ji zauren na juya min, na ga aikin na sulluɓewa, na ga fuskar jigon ta ɗaure. Daga nan bakina ya furta abin da ban shirya ba, ko kuwa in ce abin da ke kwance a ƙasan cikina ban sani ba. Na ce, "To ai ba abin mamaki ba ne. Bayarabe ne. Jini ba ya ƙarya. Awo yake yi wa aiki, shi ya sa kullum yake cikin awo."

Zauren ya fashe da shewa. Wasan kalmar ya yi musu daɗi, tela da awo, Awolowo da Awo. Matasan baya suka ɗauka, "Ɗan Awo mai awo! Ɗan Awo mai awo!" Tsohon da ya kare shi ya buɗe baki ya rufe. Zargin santsi ana iya musa shi, a kawo shaida, a ce ga ranar da ya je Gwammaja. Wannan kuwa da me za a musa? Asalin Ayagi ba ɓoyayye ba ne.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya naɗe buzunsa, ya saka takalmi, ya tsaya daidai inda nake. Ya ce, "Ɗana, Inna ta ajiye maka tuwo. In ka gama ka biya ka ci, kada ya huce." Ya fita.

Ban biya ba. Ban sake taka Ayagi ba sai bayan shekara uku.

Abin da ke ƙona min rai in na tuna, mu ne fa muka fi kowa ihu a watan Janairu na 1980, lokacin da gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Borno, ta kai shi iyaka ta ce ɗan Chadi ne. A shagon Baba muka zauna muna tsine wa wannan zalunci, muna cewa an rasa abin da za a kama mutum da shi an koma tonon asali. Kotu ta dawo da shi. Shekara guda tsakani na yi wa wanda ya koya min riƙon almakashi irin wannan, kuma shi babu kotun da zai je. Sannan ita kanta jam'iyyar da nake karewa, wa ya tsaya wa Malam mataimaki a takarar shugaban ƙasa ta 1979? S.G. Ikoku ne, Ibo. Ɓangaren gwamnoni kuma Imoudu ne a gaba, mutumin Bendel. Kowane ɓangare da nasa mutanen Kudu a saman tebur, mu a ƙasa muna tonon kakan kakan tela.

Na sami aikin. Na kama shago a wajen Ƙofar Wambai, na ɗauko keke haya, na ci bashin yadi a Kantin Kwari. Rabin kuɗin aka ba ni, sauran har gobe. Labarin Baba kuwa yana iso ni ko ban tambaya ba. An rubuta "Ɗan Awo" da gawayi a ƙofar shagonsa, ya goge, an sake. 'Yan taɓo suka janye ɗinkinsu. 'Yan santsi ma ba su rungume shi ba, su a wajensu mutumin Gwammaja ne. Sallar da ta biyo baya, shagon da muke kwana uku ba barci saboda kaya, aka ce da la'asar yake rufewa.

Shekarar ta ci gaba da baƙi. Ranar 23 ga Yuni majalisar Kaduna, wadda NPN ta fi yawa a ciki, ta tsige Balarabe Musa, kuma na ga 'yan PRP da idona suna murna don ɗan santsi ne ya faɗi. Ranar Juma'a 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, gari ya kama da wuta. Aka ƙona gidan rediyo da wasu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Ina kan soron gidanmu ina kallon hayaƙi. Ban fita ba, ban ɗauki ko tsinke ba, amma na ji wani a lungunmu yana cewa ai ɗan santsi ne, kamar wannan ya isa bayani, kuma ban ce masa komai ba. Ina da bakin magana?

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Ban taɓa ganin taron mutane irin na ranar ba, santsi da taɓo kafaɗa da kafaɗa, kowa na kuka. A cikin turmutsutsun na hango Baba daga nesa, ya rame, yana riƙe da takalmansa a hannu. Na sunkuyar da kai na kutsa ta wani gefen.

Rimi ya sauka daga kujera ya koma NPP ta Azikiwe don ya sake takara, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Mu kuwa muka samu sabuwar waƙa: santsi ya kai su jam'iyyar Inyamurai. Ni da bakina na yi wannan ihun a kan mota, ban ko tuna ba cewa gorin da aka yi wa Malam ke nan shekara talatin baya, kan wannan Azikiwen dai, gorin da Baba ya sha bulala a ƙarƙashinsa. Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓe, muka yi ta rawa.

Da aka zo rabon 'yan muƙamai da kwangiloli na mazaɓa, na je da ƙarfin gwiwata. A zauren nan dai, gaban jigon nan dai, wani yaro da bai kai ni ba ya miƙe ya ce a bincika, uwata mutuniyar Damagaram ce, ni ɗan Faranshi ne, kuma a farkon shekarar nan gwamnati ta ce baƙin haure su bar ƙasa. Aka yi shewa. Gaskiya ne, daga Damagaram aka auro mahaifiyata. Na waiwaya ina neman wanda zai ce zauna yaro, babu. Wata uku bayan rantsar da gwamna, ranar 31 ga Disamba, soja suka karɓe mulki, aka rufe jam'iyyu duka, aka kwashi manyan santsi da manyan taɓo aka zuba a kurkuku ɗaya.

Yanzu in na ji yaran shagona suna musu, wannan ɗan Kwankwasiyya, wancan ɗan Gandujiyya, mutum biyun da suka yi gwamna da mataimaki har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma 2011 zuwa 2015, ba na hana su. Siyasa ce, Kano ce, ba a raba mu da ita. Abu ɗaya ne ke sa in taka birki in kashe keke: in na ji an bar maganar abin da mutum ya yi an koma "ai dama su mutanen wuri kaza haka suke." Ran nan wani ya nuna min a Facebook an zana asalin wani ɗan takara har kaka na huɗu. Na ce ya ajiye wayar ya ƙarasa min aljihun da na ba shi tun safe.

Cikin azumin 1984 na je Ayagi. Sau biyu ina kaiwa bakin lungun ina juyawa. A na uku na yi sallama. Shagon na nan, labulen na nan, an cire makullin amma shatinsa bai goge ba. Baba na zaune a kan tabarma, idonsa ya fara yin hazo, ya daina hawa keke. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne." Ya ce, "Na gane takunka." Na fara jero abin da na kwana ina haddacewa, kuka ya ci ƙarfina a tsakiya. Ya bar ni har na yi shiru. Sannan ya ce ya yafe tun a daren, don bai iya kwana da mutum a ciki ba, amma Inna ce sai na lallaɓa, ita ta dafa tuwon. Inna kuwa ta wanke ni tas, ta ce in don ta ita ce ko zauren ba zan shigo ba, sannan ta turo min kunun kanwa da ƙosai da aka sha ruwa.

Da zan tafi ya ce in nemo mai kura in ɗauki keken, zama ba amfani yake lalata shi, a riƙa ɗiga masa mai duk Juma'a. Na ce ba zan iya karɓa ba. Ya ce ba tambayata ya yi ba. Sai ya miƙo hannu ya kamo kaftanin da ke jikina, wanda na ɗinka da kaina na saka don in burge shi, ya bi wuyan da yatsa a hankali tun daga dama har hagu.

Ya ce, "Har yanzu?"

Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya miƙo min reza.